Michael Rutter: Likitan da ya wanke iyaye mata daga zargi, ya mayar da tambaya kan makarantu da gidajen marayu

A farkon shekarun 1960, idan uwa ta kai ɗanta asibiti a Landan ko New York saboda ya kai shekara huɗu bai fara magana ba, ba ya haɗa ido da mutane, kuma ba ya son a rungume shi, sau da yawa takan koma gida da laifi a kanta. Manyan likitocin zamanin da dama sun yarda cewa rashin ɗumin zuciyar uwa ne ke sa yaro ya rufe kansa daga duniya, har aka riƙa kwatanta irin waɗannan iyaye da firji. Idan kuwa yaron sata yake yi ko faɗa, tambayar farko ita ce ko uwar ta taɓa tafiya ta bar shi yana ƙarami, don aiki ko don jinya. Ba a damu a ƙirga yara nawa iyayensu mata suka bari, suka kuma tashi lafiya lau ba. Abin da babban likita ya gani a ɗakin duba marasa lafiyarsa, shi ne hujja.

Farfesa Michael Rutter na cikin waɗanda suka fi kowa aikin rushe wannan al'ada. Shi ne mutum na farko da aka naɗa farfesan likitancin ƙwaƙwalwar yara a Birtaniya, a 1973, kuma ya shafe fiye da shekara 50 a Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa da ke haɗe da Asibitin Maudsley a kudancin Landan. Hanyarsa ba ta da wani ƙawa: a ƙirga yara, a kwatanta su da wasu, a bi su shekara da shekaru, sannan a faɗi abin da aka samu ko da ya saɓa wa abin da aka so. Da wannan hanya ya taɓa tambayoyi huɗu da kowace gwamnati ke kashe kuɗi a kansu, ko ta sani ko ba ta sani ba: yara nawa ne ke da lalura, me rabuwa da uwa ke yi wa yaro, ko makaranta na iya gyara abin da gida ya ɓata, da abin da gidan marayu ke yi wa jariri.

An haife shi a ranar 15 ga Agusta 1933 a ƙasar Labanan, inda mahaifinsa, Bature ɗan Ingila, ke aikin likita. Iyalin sun koma Ingila yana ƙarami. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi a 1940, aka tura shi Amurka yana ɗan shekara bakwai, ya zauna a hannun wasu iyali da suka riƙe shi, bai dawo ba sai 1944. Wato mutumin da zai zo ya yi nazarin rabuwar yaro da iyayensa, shi kansa ya yi shekara huɗu bai ga nasa ba, kuma a hirarrakinsa na baya ya bayyana zaman a matsayin mai daɗi.

Ya kammala karatun likita a Jami'ar Birmingham a 1955, ya shiga Maudsley a 1958. Shugaban wurin, Aubrey Lewis, shi ne ya karkata shi zuwa ɓangaren yara, amma da sharaɗi mai ban mamaki: kada ya shiga horon da ake ba likitocin yara na lokacin, don a ganin Lewis horon cike yake da ra'ayoyin da ba a gwada ba, kuma zai daƙile masa tunani. Maimakon haka aka tura shi New York na shekara guda, inda ya yi aiki da masu nazarin ɗabi'ar jarirai, Stella Chess da Alexander Thomas da Herbert Birch. Har ya rasu bai taɓa yin wancan horo ba.

Ƙidayar tsibirin Wight

Kafin 1964 babu wanda zai iya faɗa wa ma'aikatar lafiya ko ta ilimi a Birtaniya yara nawa ne cikin 100 ke fama da lalurar ƙwaƙwalwa ko ta ɗabi'a. Alƙaluman da ake da su na yaran da aka kai asibiti ne, kuma waɗannan ba sa wakiltar kowa sai kansu. Rutter da abokan aikinsa, Jack Tizard da Kingsley Whitmore, suka zaɓi tsibirin Wight da ke kudancin Ingila. Ruwa ya kewaye shi, saboda haka an san iyakar mutanen da ake magana a kansu, kuma hukumomin yankin sun yarda su ba da haɗin kai. Suka ɗauki dukan yaran tsibirin masu shekara 9 zuwa 11, dubbai ke nan, ba tare da zaɓe ba.

Aikin ya kasance hawa biyu. Da farko aka ba iyaye da malamai gajerun takardun tambayoyi game da kowane yaro. Ta malamai tambaya 26 ce kawai, wadda malami zai cika cikin 'yan mintoci. Daga nan aka zauna da yaran da takardun suka nuna, tare da wasu da aka ɗebo ba bisa wani dalili ba don kwatance, aka yi hira da su da iyayensu. Zama da yaro ɗan shekara goma a tambaye shi damuwarsa, a kuma ɗauki amsarsa da muhimmanci, sabon abu ne a lokacin, kuma Rutter da Philip Graham sun nuna cewa likitoci biyu za su iya yin irin wannan hira daban-daban su cimma matsaya guda.

Sakamakon da aka wallafa a 1970 ya nuna kusan kashi 7 cikin 100 na yaran suna da lalurar da ke hana su walwala ko karatu, kuma mafi yawansu babu wani likitan ƙwaƙwalwa da ya taɓa ganinsu. Amma ƙananan abubuwan da suka fito a gefe sun fi wannan adadi tasiri. Iyaye da malamai ba yara ɗaya suke nunawa ba: yaron da ya addabi aji yakan zama salihi a gida, wanda ke kuka a ɓoye a gida kuma malami bai san da shi ba, don haka duk ƙidayar da ta dogara da ɓangare guda za ta rasa yara masu yawa. An ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin kasa iya karatu da fitina. An kuma ga cewa yaran da ke da farfaɗiya sun ninka sauran yara kusan sau huɗu wajen samun lalurar ɗabi'a, sun kuma zarce masu wasu cututtuka na dogon lokaci da ba su shafi ƙwaƙwalwa ba, abin da ya nuna cewa ita kanta ƙwaƙwalwar tana da hannu, ba tarbiyya kaɗai ba.

Da yaran suka kai shekara 14 da 15 aka koma musu. A lokacin ana ɗaukar cewa balaga dole ta zo da tawaye da gaba da iyaye. Ƙidayar ta nuna mafi yawan matasan suna zaman lafiya da iyayensu, saɓanin bai wuce na sutura da lokacin dawowa gida ba, ko da yake da yawa daga cikinsu na ɗauke da baƙin cikin da manya ba su lura da shi ba.

Sai kuma aka maimaita aikin a wata unguwar talakawa a tsakiyar Landan, aka tarar da lalurar ta ninka ta tsibirin sau biyu. Da aka bi diddigi, bambancin ya fi ta'allaƙa da halin da gidaje da makarantu ke ciki. Rutter ya ware abubuwa shida: rikici mai tsanani tsakanin miji da mata, ƙarancin abin hannu, cunkoso a gida, uba mai aikata laifi, uwa mai fama da lalurar ƙwaƙwalwa, da kai yaro hannun hukuma. Yaron da abu ɗaya kaɗai ya shafa bai fi wanda babu abin da ya shafe shi shiga haɗari ba. Idan suka zama biyu, haɗarin ya ninka kusan sau huɗu. Idan suka kai huɗu, ya haura sosai fiye da haka. Ga mai tsara manufa, ma'anar wannan ita ce ba sai an kawar da dukan matsalolin gida ba kafin a ga amfani. Rage nauyi daga huɗu zuwa biyu ma ceto ne.

Batun uwa

A 1951 John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto mai tasiri, inda ya ce ƙaramin yaro na buƙatar kusanci marar yankewa da uwarsa ko wadda ta tsaya a matsayinta, kuma rashin haka na iya barin illa ta dindindin. Rahoton ya yi alheri mai yawa, domin yana cikin abubuwan da suka sa asibitoci suka fara barin iyaye su zauna da 'ya'yansu marasa lafiya. Amma an kuma mayar da shi sanda. Duk macen da ta fita aiki ta bar yaro a hannun wani, sai a ce tana ɓata shi.

A littafinsa na 1972, Maternal Deprivation Reassessed, Rutter ya warware abin da aka cure wuri guda. Ya nuna cewa kalmar rashin uwa ta tattara abubuwa daban-daban da illolinsu ba ɗaya ba ne. Akwai yaron da ya shaƙu da wani sannan aka raba su, akwai kuma wanda bai taɓa samun wanda zai shaƙu da shi ba tun farko, kuma na biyun ya fi shiga haɗari nesa ba kusa ba. Ya duba dalilin rabuwar. Yaran da suka rabu da iyaye saboda jinya ko tafiya ba su fi sauran yara fitina ba. Waɗanda suka rabu saboda gidan ya rikice da faɗa su ne suka fi samun matsala, haka ma waɗanda suke zaune cikin faɗan ba tare da an rabu ba. Mutuwar uba ko uwa, duk da zafinta, ba ta haifar da fitinar da saki mai cike da gaba ke haifarwa. Ya kuma nuna cewa yaro kan shaƙu da mutane da yawa, uba da kaka da yayye, kuma a gidan da ake rikici, kyakkyawar alaƙa da mutum ɗaya tak tana rage illar ƙwarai.

Ma'aikaciyar da hutun haihuwarta ya ƙare, ta miƙa jaririnta ga kaka ko mai raino da safe zuciyarta na suya, tana cin gajiyar wannan littafi ko da ba ta taɓa jin sunansa ba. Sharaɗin da binciken ya gindaya shi ne hannun da aka miƙa wa yaron ya zama mai kula, kuma kada ya riƙa sauyawa kullum.

Daga baya shi da David Quinton suka bi wasu 'yan mata da suka tashi a gidajen renon yara na hukuma a Landan, har suka zama iyaye. A dunƙule sun fi sauran mata shan wahalar reno. Amma waɗanda suka ji daɗin makaranta, ko ta fuskar karatu ko wasanni ko wani muƙami da aka ba su, sun fi tsara rayuwarsu, sun fi dacewa da mazan kirki, kuma waɗanda suka dace ɗin renonsu bai bambanta sosai da na kowa ba. Daga irin wannan ne Rutter ya gina fahimtarsa ta juriya: ba baiwa ba ce da ake haifar wasu da ita, abu ne da ke faruwa a mararrabar rayuwa, kuma ana iya buɗe wa yaro mararrabar.

Tagwaye 21

Lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, Leo Kanner ne ya fara bayyana ta a Amurka a 1943. A 1967 Bruno Bettelheim ya fitar da littafin da ya ƙara ɗora laifinta kan iyaye mata, kuma ya samu karɓuwa. A wannan shekarar Rutter ya wallafa sakamakon bin yara 63 da aka taɓa dubawa a Maudsley. Cikin abin da bin diddigin ya nuna akwai cewa da yawansu sun fara farfaɗiya da suka balaga, abin da wuya a danganta shi da halin uwa. Ya kuma taimaka wajen raba otizim da haukan manya, wanda a da ake ɗauka cewa shi ne ke fara bayyana tun yarinta.

A kan gado kuwa, da farko Rutter ya yi kuskure, kuma ya sha faɗin haka a bainar jama'a. Ya lura cewa ƙannai da yayyen masu lalurar kaɗan ne ke da ita, kusan biyu cikin 100, sai ya yanke cewa gado ba shi da wani tasiri. Daga baya ya gane cewa biyu cikin 100 adadi ne babba idan aka kwatanta da yadda lalurar ke da wuyar samu a cikin jama'a a ƙidayar lokacin. Sai shi da wata matashiyar likita daga Amurka, Susan Folstein, suka nemo tagwaye 21 a faɗin Birtaniya waɗanda aƙalla ɗaya a kowane biyu ke da lalurar. Cikin tagwaye 11 masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin halittarsu iri guda ne, an samu huɗu da dukansu biyu ke da ita. Cikin 10 marasa kama ɗaya, ba a samu ko guda ba. Uwa ɗaya, gida ɗaya, reno ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne yawan abin da suka gada tare.

Adadin ƙarami ne, kuma masu suka sun faɗi haka. Amma binciken da aka faɗaɗa aka wallafa a 1995 ya tabbatar da shi, ya ma ƙara ƙarfinsa. Tun daga takardar 1977 ɗin nan akalar bincike ta juya daga tuhumar uwa zuwa nazarin ƙwayoyin halitta da ƙwaƙwalwa. Tare da Catherine Lord da Ann Le Couteur, Rutter ya tsara ma'aunan hira da lura da yaro, ADI-R da ADOS, waɗanda asibitoci da masu bincike a ƙasashe da yawa ke amfani da su wajen tabbatar da lalurar.

Da jita-jitar cewa allurar MMR, mai rigakafin ƙyanda da hangum da rubela, ita ke jawo otizim ta bazu bayan 1998, Rutter ya haɗu da wasu likitocin Japan biyu suka duba birnin Yokohama. Japan ta dakatar da allurar a 1993. Da ita ce sanadi, da an ga raguwa a yaran da aka haifa bayan haka. Binciken na 2005 ya nuna adadin ya ci gaba da hawa.

Sa'o'i 15,000

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, manyan rahotanni daga Amurka, na James Coleman da na Christopher Jencks, sun sa masana da yawa sun yanke ƙauna da makaranta. An fahimce su da cewa gidan da yaro ya fito shi ke yanke makomarsa, makaranta ba ta ƙara wani abin a zo a gani. Rutter da Barbara Maughan da Peter Mortimore da Janet Ouston suka ɗauki makarantun sakandare 12 a tsakiyar Landan. Suna da wata dama da wasu ba su samu ba: an riga an auna yaran tun suna shekara 10 a firamare, don haka an san halin da kowace makaranta ta karɓe su. Littafin da ya fito a 1979 an sa masa suna Fifteen Thousand Hours, wato kimanin sa'o'in da yaro ke shafewa a makaranta daga shiga zuwa fita.

Ko bayan an cire bambancin yaran da aka karɓa, makarantun sun sha bamban a zuwa aji, da ladabi, da cin jarrabawa, da yawan waɗanda suka faɗa hannun 'yan sanda. Girman makaranta da tsufan gininta ba su bayyana bambancin ba. Abubuwan da suka tafi tare da kyakkyawan sakamako ƙanana ne har mutum ya raina su: malami ya shiga aji a kan lokaci da shirinsa, a ba da aikin gida a kuma duba shi, a yaba wa yaro nan take idan ya yi daidai, a ba ɗalibai da yawa wani nauyi da za su riƙe, malamai su yi aiki da tsari guda maimakon kowa ya kama gabansa. Yawan horo da duka bai zo da ladabi ba. Inda aka fi duka, ɗabi'a ta fi lalacewa.

Masana lissafi sun yi wa littafin ca, suna cewa makarantu 12 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, kuma tafiyar abu biyu tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Sukar tana da tushe. Duk da haka littafin ya buɗe fagen nazarin ingancin makarantu, kuma bincike masu girma da suka biyo baya sun samu cewa makaranta na da tasiri na gaske, ko da bai kai na gida ba.

Yaran Romaniya

A 1966 gwamnatin Nicolae Ceauşescu ta haramta zubar da ciki tare da matsa wa mata su yi ta haihuwa, a ƙasar da talauci ke ƙaruwa. Iyalan da suka kasa sai suka riƙa miƙa jarirai ga hukuma. Da gwamnatin ta faɗi a Disamba 1989, duniya ta ga yara fiye da 100,000 a gidajen marayu, da yawansu kwance a gadajen ƙarfe yini guda, ana jingina musu kwalbar abinci, babu mai ɗaukarsu balle ya yi musu magana. Iyalai daga Turai da Amurka suka yi tururuwa suna ɗaukar riƙonsu. Ma'aikatar Lafiya ta Birtaniya ta ɗauki nauyin bincike don sanin abin da zai faru da waɗanda aka kawo, Rutter ya jagoranta.

Babu mai binciken da lamirinsa zai bar shi ya jefa jarirai cikin wannan hali don gwaji, amma tarihi ya riga ya yi. Ga yaran da aka san ranar da suka fita daga ƙunci, aka kuma san sun shiga gidaje masu kula. Aka ɗauki 165 da suka iso kafin su kai wata 42, aka kwatanta su da yara 52 'yan Birtaniya da aka ɗauki riƙonsu kafin wata shida ba tare da sun sha irin wannan wahala ba. An auna su suna shekara 4, da 6, da 11, da 15, sannan bayan sun haura 20.

Labarin farko mai daɗi ne. Yaran da suka iso a rame, ƙanana fiye da shekarunsu, tunaninsu a baya ƙwarai, sun yi wani irin murmurewa cikin shekaru kaɗan wanda ya ba masu binciken kansu mamaki. Waɗanda aka fitar kafin su cika wata shida kusan ba a bambanta su da yaran Birtaniya. Amma a waɗanda suka wuce wata shida, wasu alamu huɗu sun riƙa bayyana: halaye masu kama da otizim, sakin jiki da kowane baƙo har yaro ya bi wanda bai sani ba, rashin natsuwa, da raunin fahimta. Rahoton da mujallar Lancet ta wallafa a 2017, lokacin suna shekara 22 zuwa 25, ya nuna raunin fahimtar ya warware a mafi yawansu, amma sauran ukun sun dawwama, ga damuwa da baƙin ciki da suka taso daga baya, ga rashin aikin yi fiye da takwarorinsu, duk da shekara 20 a hannun iyalan da suka ƙaunace su. Hoton ƙwaƙwalwa da aka wallafa a 2020 ya nuna tasu ta gaza ta takwarorinsu girma da kashi 8.6 cikin 100, kuma tana ƙara ƙanƙanta gwargwadon watannin da aka yi a gidan marayun. Duk da haka, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka daɗe a can sun tashi ba tare da wata matsala ba a duk tsawon binciken.

Wani binciken dabam da Amurkawa suka fara a Bukares a 2000 ya ƙarfafa wannan ta wata hanya. An raba yara 136 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka ba iyalai riƙo, kuma waɗannan sun fi waɗanda aka bari kaifin fahimta, musamman waɗanda aka fitar kafin shekara biyu. Irin waɗannan hujjoji na cikin abin da ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu suka ce a sanya 'yan ƙasa da shekara uku a cikin iyali.

Gidajen Romaniya sun kai maƙura wajen muni, kuma Rutter ya yi taka-tsantsan kada a ce kowane gidan marayu haka yake. Amma idan aka haɗa wannan da aikinsa na 1972 da na 'yan matan Landan, waɗanda gidajensu ke da abinci da tsafta amma masu reno ke ta sauyawa, saƙon ga duk wanda ke rubuta takardar neman amincewa a ofis a fili yake. Idan rikici ko annoba ta bar marayu, shawarar da ta fi saurin zuwa ita ce a gina musu gida, domin gini ana iya sa shi a kasafi, a yanke zare, a ɗauki hoto. Abin da ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata kuwa shi ne mutum guda da zai dawo gobe da jibi, kuma a same shi cikin watannin farko. Kowane wata da fayil ya yi a kan tebur, na jaririn ne ake ci.

Abin da ya bari

An zaɓe shi ɗan Royal Society a 1987, aka ba shi lambar Sir a 1992. Ya kafa sashen binciken lafiyar ƙwaƙwalwar yara na Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya a 1984, sannan a 1994 ya kafa cibiyar da ta haɗa masu nazarin gado da masu nazarin zamantakewa a ƙarƙashin rufi guda, domin ya ƙi yarda a ce dole a zaɓi ɗaya tsakanin halitta da tarbiyya. Wasu daga cikin sakamakon farko da aka samu a wannan fage, waɗanda suka danganta ƙwayar halitta guda da yadda mutum ke jure wahala, ba su tsaya da ƙafarsu sosai ba da aka sake gwada su a manyan bincike. Littafin koyarwa da ya fara fitarwa tare da Lionel Hersov a shekarun 1970 ya kai bugu na shida a 2015, yana ɗauke da sunansa.

Gajerun takardun tambayoyin nan na tsibirin Wight sun yi tafiya mai nisa, har masu bincike a Ilorin da Ibadan sun yi amfani da su. Wani binciken Ibadan mai hawa biyu irin na Wight, wanda Oye Gureje da Olayinka Omigbodun da abokan aikinsu suka wallafa a 1994, ya samu kusan ɗaya cikin biyar na yara masu shekara 7 zuwa 14 da aka kawo ƙaramin asibiti suna da lalurar ƙwaƙwalwa ko ta ɗabi'a. Omigbodun ta zo ta shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta duniya daga 2010 zuwa 2014, ta kuma kafa cibiyar horar da ma'aikatan wannan fanni a Jami'ar Ibadan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, kuma tambayar da za ta fara tarar duk wanda ke zaune a sashen ita ce wadda aka tafi Wight da ita a 1964: yara nawa ne, kuma suna ina.

Rutter bai bar ofis ba sai a Yuli 2021. Ya rasu a ranar 23 ga Oktoba na wannan shekarar, yana da shekara 88. Sashen kula da yara da matasa na Asibitin Maudsley ya daɗe yana ɗauke da sunansa tun yana raye.